Littattafan da Kika Roƙa

Tamanrasset, ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ki birnin Alje lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutanen hanya, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa. Innarki ce za ta sa wannan takarda cikin jakarki, ƙarƙashin dabinon da kawunki ya aiko daga Abalessa. Na ce kada ta faɗa miki. Ina jin wajen In Amguel za ki same ta, lokacin da yunwa ta fara taɓa ki.

Za ki yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ina rubuto miki wasiƙa. Shekara ashirin da ɗoriya ina rubuta wa mutane maganarsu, ban taɓa zama na rubuta tawa ba. Kuma tun ranar da na ɗaga miki murya a kan littattafan nan, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ki gaishe ni kanki a ƙasa, in amsa, in kama hanyar kasuwa. Ba na so ki bar garin nan a haka.

Bari in maimaita abin da ya faru yadda na gan shi, in na karkace ki gyara a zuciyarki. Kin ja ni siber ɗin bayan tasha, kika zaunar da ni gaban kwamfuta, kika buga magana da Faransanci, sai ga ta ta fito da Larabci. Larabci ne gurgu, irin na wanda ya haddace ƙamus amma bai taɓa sayen albasa a kasuwa ba. Duk da haka Larabci ne, ban musa ba. Kika ce malamin da za ki yi karatu wurinsa yana so a koya wa na'urar Hausa, abin da ya rasa shi ne rubutu mai yawa, Hausa a gefe, Faransanci a gefe. Kika ce, "Irin naka, Baba. Wata rana ɗan ƙasarmu zai shiga gidan likita ba sai ya jira tafinta ba." Na ce, "Wato ba sai ya jira ubanki ba." Da muka koma gida na faɗi abin da ya fi wannan muni, na ce na kai ki lekkol karatun boko ne don ki ƙera abin da zai binne ni da raina.

Maganar ba ta dace ba, na janye ta. Tabarmar bakin ƙofar gidan likita ba gadon mulki ba ce da zan yi kishin a raba ni da ita. Abin da ya sa na hana ki wani abu ne daban, kuma ba zan iya faɗa miki shi ba sai na faro daga nesa. Ki yi haƙuri da ni, hanyarki ma doguwa ce.

Na zo garin nan ina ɗan shekara ashirin da biyu, a bisa kayan wata babbar mota daga Agadas, takardar gama lekkol naɗe cikin leda a ƙirjina. Na ce wa mahaifiyata, mai sunanki, damina biyu kawai zan yi. Ta rasu ban koma ba. Lokacin garin bai kai rabin yadda kika san shi ba. In mutum ya tsaya bakin kori, busasshen rafin nan, da hantsi yana ganin duwatsun Ahaggar sarai, kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Raƙuma har tsakiyar kasuwa suke shigowa. Mu 'yan Nijar duk mun san juna, in mota ta iso daga kudu kafin direba ya kashe inji an kewaye shi, kowa na tambayar ko an yi ruwa a garinsu. Na taɓa bin wani mutum tun daga tasha har masaukinsa don kawai ya ce ya kwana Damagaram, ina so in ji ko tsamiyar ƙofar gidanmu na nan. Bai ma san unguwar ba. Amma ya ce tana nan, na kuma ji daɗi.

A lokacin ne na haɗu da Baba Sidi. Buzu ne na Agadas, dogo, shuɗin rawani ya rine masa kumatu. Bai taɓa taka ƙofar lekkol ba, amma yana jin Hausa da Tamahak da Larabci, da wani Faransanci da ya tsinta a bakin direbobi. Ba ma'aikacin gidan likita ba ne. Tabarma yake shimfiɗawa a bakin ƙofa da butar shayinsa, duk wanda ya zo ba ya jin harshen lokotoro, wato likitoci, sai a ce masa, "Je wurin tsoho." Ya ɗauke ni don na iya rubutu. Ni kuwa a raina ina yi wa Faransancinsa dariya, ina ganin da zarar lokotoro sun ji nawa sun gama da shi.

Kuskurena na farko a watan farko na yi shi. Wani bawan Allah ya zo, ɗan wajen Maraɗi, yana aikin ban ruwa a wata garka ta Abalessa. Baba Sidi ya tafi salla, sai na shiga da shi. Lokotoro ya ce a tambaye shi me ke damunsa. Mutumin ya gyara zama ya ce, "To, ka gaishe min da lokotoro, ka ce masa sannu da aiki. Ka ce tun kafin a sari dabino, mai garka ya kawo wani magani..." Na katse shi. Na ce, "Malam, ba tarihi aka tambaye ka ba. Ina ke ciwo?" Ya dube ni, ya ce, "Ciki. Da jiri." Na juya na ba lokotoro kalma biyu tsaf, da Faransanci mai tsabta, har ya ɗaga kai ya dube ni. Aka ba mutumin maganin ciki ya tafi.

Bayan mako guda aka dawo da shi kwance a bayan mota, shi da abokin aikinsa. Wannan karon Baba Sidi ne ya shiga, ni ina tsaye a baya. Ya bar mutumin ya faro daga gaisuwa. Ya bar shi ya bi ta kan dabino, da mai garka, da maganin da aka kawo na feshin ƙwari. Maganin ya ƙare, bidon ɗinsa kuwa, wato jarkar, sabo ne mai kyau, sai suka wanke shi da yashi suka riƙa ɗebo ruwan sha a ciki. Da Baba Sidi ya kai nan, da Faransancinsa mai faci, lokotoro ya ajiye alƙalami ya miƙe tsaye.

Allah Ya sa dukansu sun tashi. Da la'asar Baba Sidi yana haɗa shayi, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ɗan lekkol, mintocin nan da ka rage ran nan, ina ka ajiye su? Ba ni biyu in sa a buta." Ya ce, "Mutanenmu ba daga ciwo suke fara magana ba. Daga inda ciwon ya same su suke farowa. In ba ka da haƙurin raka su, tafi shantiye ka ɗauki bulo."

To Uwani, ga na farko. Inda za ki akwai masu saurin magana da saurin gajiya da maganar wasu, kuma za ki so ki zama kamarsu don kada a ce ke 'yar kudu ce. Kada ki katse mutum don kin ga kamar kin riga kin gane inda ya nufa. Na fi Baba Sidi yawan kalmomi nesa ba kusa ba, shi kuwa ya fi ni sanin mutanen da ke furta su.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce ai na'urarku ba ta katse kowa, duk abin da aka ba ta shi take mayarwa. Gaskiya ne. Ni ma abin da na zama ke nan bayan wannan rana. Na yi wa kaina rantsuwa ba zan sake yar da kalma ɗaya ba. Na zama kamar tiyo, abin da ya shiga nan shi zai fita can, ba ragi ba ƙari. Lokotoro suka riƙa yabona, in an zo da magana mai wuya sai a ce a kira Lawali. Baba Sidi ya tsufa ya koma Agadas, tabarmar ta zama tawa. Na yi shekaru a haka ina ganin na gama koyon aiki.

Sai Habu. Ba ki san shi ba, kina goye lokacin. Ɗan Tasawa ne, mai buga bulo, mutum mai ba'a, in ya zauna wurin shayi sai cikin kowa ya yi ciwo. Shi ya sa min suna Rediyo, wai ina magana da harshe huɗu amma ba ni da ra'ayi ko a ɗaya. Cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya ce in raka shi. Lokotoron ranar mace ce, Balarabiya daga arewa, mai kirki ƙwarai. Ta duba shi, ta duba takardun gwaji, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya masa baya, ta matso kusa da ni, ta rage murya ta ce hanta ta riga ta lalace, babu abin da za su iya, makonni ne suka rage, in ya yi yawa wata biyu.

Ni kuwa na juya na zuba wa Habu shi duka da Hausa, har makonnin, har wata biyun.

Ya ce, "Haka ta ce, Rediyo?"

Na ce, "Haka ta ce."

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Ashe bulon jiya shi ne na ƙarshe. Da na sani da ban yi wa Balaraben da nake wa aiki rowar siminti ba." Ya ɗauki hularsa ya ce in yi mata godiya.

Lokotoro ta ga fuskarsa, ta ce da ni, "Me ka gaya masa?" Na ce, "Abin da kika ce." Ta dube ni kallon da har yau ban manta ba. Ta ce, "Da kai nake magana. Ba da shi ba."

Kin san yadda muke yi, ko da yake a nan aka haife ki. Irin wannan labari ba a ɗora wa mai ciwo shi kaɗai a tsaye. Kowane gari yana da dattijonsa a nan. Na 'yan Tasawa wani Alhaji ne mai shagon atamfa, bai fi tafiyar minti biyar daga gidan likita ba. Wurinsa ya kamata in je. Shi zai kira mutum biyu uku, a zauna da Habu, a ci abinci, a shigo da maganar a hankali, a nema masa wurin zama a gaban mota da wanda zai raka shi, a aika gida su shirya. Na san duk wannan. Na sha ganin an yi. Amma a ranar aikina kawai na gani, ban ga Habu ba.

Bai gaya wa kowa ba. Washegari ya hau bisa kayan wata mota mai zuwa kudu, shi kaɗai, cikin tsananin zafi, yana so ya mutu a ɗakin uwarsa. Bai kai iyaka ba. Direbobi suka binne shi a gefen hanya, suka jera duwatsu. Bayan kwana goma labarin ya dawo. Alhaji ya aiko a kira ni. Na tarar da shago cike, ba wanda ya matsa min wuri.

Ya ce, "Lawali, wa ya raine ka?"

Na ce, "Alhaji, ban yi ƙarya ba."

Ya ce, "Wa ya ce ka yi ƙarya? Tambayarka nake, ba ka da ƙafar zuwa shagona?"

Ina so in yi adalci ko ga kaina. Ba ni na kashe Habu ba, ajalinsa ya riga ya zo, kuma yana da hakkin ya san halin da yake ciki. Abin da na yi shi ne na sa ya mutu shi kaɗai. Ki tambayi malaminki wannan, ba don ki ƙure shi ba, don ni ma ina so in ji amsa. Na'urar za ta ji kalmomin lokotoro, na yarda, wataƙila wata rana ta fi ni ji. Za ta ga ta juya baya? Za ta san abin da rage murya ke nufi? Za ta san akwai wani Alhaji mai atamfa, ta san shi ne na Tasawa ba na Mirya ba? Ke kuma, a rayuwarki, kafin gaskiya ta fita bakinki ki duba wa za ki faɗa wa, a gaban wa, kuma wa zai zauna kusa da shi bayan kin tafi.

Yanzu na zo kan littattafan. Kin gan su tun kina rarrafe amma ban taɓa gaya miki yadda aka yi suka taru ba. Da rana in na tashi daga gidan likita sai in zauna a kasuwa ina rubuta wa mutane wasiƙa. A yawancin ƙauyukanmu mushen lekkol, wato malamin makaranta, shi ne mai karantawa, shi kuwa Faransanci ya iya karantawa, sai ya mayar wa mutane da Hausa. Don haka nakan rubuta maganar mutum da Hausa a shafin hagu yadda ta fito daga bakinsa, in mayar da ita Faransanci a shafin dama, sannan in kwafe na daman a takarda a ba direba. Wasiƙa takan ɓace a hanya, in ta ɓace sai in buɗe littafi in sake kwafewa. Haka suka taru. Akwai mai neman gafarar ubansa a ciki. Akwai mai sanar da haihuwa, akwai wadda ke roƙon a aiko mata da daddawa da kuka don abincin garin nan ya ishe ta. In na buɗe su ina jin muryoyin, har da tarin wasu.

Bayan Habu na juya gaba ɗaya. Wanda da ba ya rage kalma, sai na zama ba abin da zai wuce ta hannuna ban shafa masa mai ba. Ina ganin yanzu kam na yi hankali.

Wata shekara aka tsananta kamen marasa takarda, aiki ya tsaya cik. Isufu maso ya zo wurina, wanda kika sani, wanda ya gina mana ɗakin baya. Daga wani ƙauye yake kusa da Mirya. Ya tsuguna ya ce, "Rubuta. Laminu, kada ka zo. Aiki ya mutu. Ana kame, shekaranjiya an kwashe mutum huɗu a ɗakinmu. Cikin kango nake kwana. Ka zauna ka yi noma ka riƙe Inna. In ka zo ban yafe ba."

Laminu ƙanensa ne, ya daɗe yana son tahowa. Ni kuwa na san yadda ake karanta wasiƙa a ƙauye, a tsakar gida, kowa na ji, tsohuwa a gaba. Na kuma san uwarsu ba ta da lafiya. Na ce a raina wannan magana za ta kwantar da ita. Ban rubuta komai a shafin hagu ba. Na tafi dama kai tsaye na rubuta cewa Isufu yana lafiya, aiki sai godiya ko da yake ya ɗan ja baya, Laminu ya ɗan dakata tukuna. Isufu bai iya karatu ba. Ya ce in karanta masa ya ji. Na kafa ido a takardar na maimaita masa maganarsa da ka. Ya ce, "Yauwa. Haka."

Laminu ya dakata wata ɗaya, ya taho. Kwanansa shida a garin nan aka kama shi tare da wasu, aka kai su iyaka. A tafiyar ƙasa da suka yi daga can ya ji ciwo a ƙafa, ciwon ya ci, har yau ɗingishi yake. Gonarsu ba a nome ta ba a wannan damina. Isufu ya ɗauka yaron ya ji gargaɗinsa ya take. Laminu ya ɗauka wansa ya san halin da ake ciki ya ɓoye masa. Suka daina magana. Shekara goma sha ɗaya ina zaune wurin shayi ina jin Isufu na cewa, "Yaron nan mai kunnen ƙashi, baƙi da fari na rubuta masa kada ya zo." Ni kuwa in kurɓi shayina.

A nan dole in ba na'urarki gaskiyarta. Ba za ta yi wannan ba. Ba ta da tausayi, don haka ba ta da irin wannan ƙarya. Duk wanda ya ce miki mutum ya fi inji a komai, bai zauna inda na zauna ba. Kada ki taɓa gyara maganar wani a ɓoye don kina ganin kin fi shi sanin abin da ya dace da shi. Ni na yi, da kyakkyawar niyya, ga inda ta kai.

Da kika roƙi littattafan na ce miki amanar mutane ce, kuma haka ne. Amma ba ita ce ta sa na yi ihu ba. Tsoro na ji ki buɗe ki ga shafin hagu fari fat, ki tambaye ni dalili. Innarki ce ta warware min. Kin san ta, ba ta doguwar magana. Tana tankaɗe ta ce, "Ba naka ba ne da za ka hana, ba naka ba ne da za ka bayar. Masu su ba su mutu duka ba. Je ka tambaye su."

Abin da nake yi ke nan kwana tara, lokacin da kike ganin ina fita da jaka ina dawowa a gajiye kina zaton fushi ne. Na bi waɗanda suka rage a garin ɗaya bayan ɗaya, in karanta wa mutum wasiƙarsa, in gaya masa abin da kike so ki yi da ita. Mai tuwon bakin tasha ta ce, "Injin nan yana da baki? Zai kai wa surukata?" Na ce a'a. Ta ce, "To a ba shi, ya ji abin da na sha." Wani ɗan kasuwa ya ce a goge sunansa da na garinsu, sauran ya zama sadaka. Wani tsoho ya sa na karanta masa tasa sau biyu, wadda ya aika wa uwarsa ce, ta daɗe da rasuwa. Da na gama ya ce, "Yage min ita, Malam." Na yage na ba shi, ya sa a hula.

Isufu na bari ƙarshe. Jiya da azahar na same shi a shantiye, a kan katanga, yana jera bulo. Na ce ina da magana. Ya ce in faɗa, kunnensa ba ya riƙe da cokalin gini. Na buɗe littafin na karanta masa shafin dama, wannan karon abin da ke rubuce. Na gaya masa sauran. Bai tsaya ba. Sai da ya kai ƙarshen layin, ya goge hannu, ya sauko.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina zagin yaron nan."

Na ce, "Na sani."

"Kana zaune kana shan shayina."

"Ina zaune."

"Don Inna ka yi?"

Na ce don ita. Ya ce, "Inna ta mutu tana cewa ni na ja ƙanena cikin wahala." Can ya ce, "Malam, ga ni a gabanka ran nan, tsugune. Me ya hana ka ce min, Isufu, tsohuwa za ta ji? Da na ce ka rubuta mai sanyin a karanta a tsakar gida, mai zafin a ba direba ya ja Laminu gefe ya gaya masa da baki. Minti ɗaya ne. Ba ka tambaye ni ba."

Uwani, shekara da shekaru ina juya abin nan, ina auna ko in faɗa duka ko in rage, ban taɓa ganin wannan hanya ba, sai da mai ginin da bai san bihim ba ya nuna min. Haka ranar Habu, da na ce wa lokotoro, in gaya masa ko in kira nasa, da ta amsa min. Haka ɗan Maraɗin nan mai ban ruwa, da na ce ci gaba, Malam, ina ji. Duk sau ukun mai maganar yana gabana.

Isufu ya ce in fito da alƙalami. Ya tsuguna kamar wancan karon ya sake faɗar wasiƙarsa, bai canza ko kalma ba, na cika shafin hagu. Ya ce, "Ka ba ɗiyar taka duka biyun. Kada ka goge sunana."

To ga amsata. Littattafai biyar na cikin kwalin da aka ɗaure da igiya, wanda innarki ta ce miki garin gero ne. Duk shafin da ke ciki mai shi ya yarda da bakinsa. Na waɗanda suka mutu ko suka koma gida na cire, suna wurina, ba mai ba da izininsu, kada ki sake tambayata su. Ki yi aikinki da zuciya ɗaya. Na sha ganin mace ta kwana biyu a bakin ƙofar nan da yaro a hannu don ba mai jin harshenta, in na'urarku za ta rage wannan, Allah Ya ba ku sa'a, ko da na naɗe tabarmata. Abu ɗaya nake roƙo. Wadda kika nuna min a siber, duk abin da kika ba ta sai ta amsa, ko ta gane ko ba ta gane ba, ba ta taɓa tsayawa ba. Wannan ne ya ba ni tsoro, don na san halin. In akwai yadda za a koya mata ta tsaya ta ce ban gane ba, a tambayi mai maganar, a kira mutum, to ki sa ƙarfinki a nan. In kuwa babu, ki faɗa wa masu amfani da ita gaskiya, kada ki bar su su ɗauka tana jin su.

Isufu bai ce ya yafe ba, ban kuma roƙa ba tukuna. Cewa ya yi ranar Juma'a bayan masallaci mu je wurin buga waya, akwai wani mai shago a ƙauyensu da ya sayi salula, za a kira Laminu. Ya ce ni zan fara magana, da bakina, da sunana. Lokacin kina Alje. Tun jiya nake neman kalmar da zan fara da ita ban samu ba. Ki sa ni a addu'a.

Allah Ya kiyaye ki a tafiya da zama, Ya buɗe miki karatu, Ya raba ki da girman kai irin na ubanki. Ki rufe ƙirjinki, sanyin bakin teku ba irin namu ba ne. In kin isa ki bugo wa innarki, ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki. Na yafe miki abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ke ma ki yafe min. Allah Ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Lawali tafinta